Ƙusar da Ba a Bugawa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da iyalansa.

Daga mahaifinka Ilyasu, wanda mutanen Ƙarfi suka mayar Malam Mai Gizago, zuwa ga Autana Sa'idu, a zangon ayari na Malumfashi ko duk inda takardar nan ta cim masa. Gaisuwa mai yawa, da yarda, da sa albarka. Allah Ya sa ta same ka a kan ƙafafunka, jakunanka ba mai ɗingishi. Allah Ya rufe idon mahara daga ayarinku, Ya sassauta muku rafukan hanya, Ya shigar da ku Kano da kayanku cif.

Bayan haka. Da ka durƙusa a zaure kana yi mini sallama, na ce maka "Allah Ya kiyaye", na ci gaba da fiƙe ƙotar fartanya ban ɗago ba. Na san ka tafi kana cewa tsohon nan dutse ne. Harshena ne ya daɗe da yin tsatsa, Auta, alƙalami kaɗai ya rage yana motsi. Shi ya sa na rubuta, na ba Tanko maƙeri, tunda dama zai kai lauje kasuwar Malumfashi. Idan ya ce maka ya tarar da ni ina share ido, kada ka yarda, hayaƙin maƙerarsa ne ya biyo shi har gidana.

Zai ba ka ƙunshi tare da takardar. A ciki akwai guntun itacen maɗaci mai huda ɗaya, da wani ƙarfe mai fiffike biyu da ke buɗewa yana rufewa kamar fiffiken fara. Kada ka sayar, kada ka ba da aro. Aikenka nake yi, kuma ban taɓa roƙonka komai ba sai wannan.

Ƙusa nake so ka sayo mini, amma ba irin wadda Tanko ke ƙerawa ba. Akwai wata da ke zuwa daga ƙasashen bayan teku, a jikin akwatunan Larabawan Tarabulus. Jikinta da murɗi tun daga baki har kusa da wuya, yadda wake ke nannaɗe karan dawa yana hawa, kanta kuma da tsaga ɗaya kamar ƙwallon dabino. Ita ce za ta riƙe ƙarfen nan mai fiffike, rabinsa a jikin sanduƙi, rabinsa a jikin murfi, don murfin ya riƙa tashi yana kwanciya ba tare da ya bar kafa ba.

Ka san sanduƙin da nake nufi. Ka tashi ka gan shi a zaure baki buɗe, kajin uwarka sun yi ƙwai a ciki, kai ma ka ɓuya a ciki ranar da wanzami ya zo. Don littattafaina na yi shi. Suna rataye a gafaka a jikin azara shekara da shekaru, sai a daminar bana gara ta biyo igiya ta sauko, ta shiga littafin fiƙihun da na kwafa da hannuna a Zazzau, ta cinye babin gado kaf. Na yi dariya ni kaɗai, na ce ashe har gara ta san ba abin da zan bari a raba. Amma ta ga hanya yanzu, za ta dawo. Ba ta cin maɗaci saboda ɗacinsa, ina jin ni ma shi ya sa ta ƙyale ni. Da maɗacin gonar kakanka ya faɗi, katako uku masu faɗin murfi na samu a cikinsa. Biyu na kashe da hannuna. Ɗaya ya rage, yana jingine a bayan rumbu, ba ni kuma da ƙarfin tsaga wani ko da akwai itace irinsa, babu kuwa. Idan wannan ya tsage, littattafan sun zama na gara. To, ji yadda na kashe biyun.

Ina saurayi kamarka na fara ganin ƙusar nan, a Zazzau, a zauren malaminmu, Allah Ya jiƙansa. Yana da sanduƙin da wani Balarabe ya bar masa. Idan karatu ya yi tsawo, rana ta leƙo ta ƙofa ta sauka a kan kawunan ƙusoshin, sai hankalina ya bar nahawu ya yi gaba. Ina ganinsu kamar idanu a lumshe, a jere, suna barcin da suka fara tun a wata ƙasa. Nakan ce, wane irin mutum ne ya zauna ya zana wa ƙusa hanya a jikinta? Nakan gan shi a raina, wani tsoho a bakin ruwan da ba a hango gaɓarsa, yana gugarta da zarto ba ya sauri, raƙuma na durƙushe suna jiransa. Har yau ban ga teku ba, amma idan malam ya ɗaga murfin nan wani ƙamshi yakan fito, ni kuwa na ƙudurta a raina cewa na teku ne.

Da malam ya rasu, ɗalibansa kowa ya ɗauki abin tunawa. Wani rawani, wani buzun zama. Wani kuma, wanda nake gyara wa karatu a ɓoye kafin malam ya fito, ya ɗauki hanyar fada. Ya iya durƙuso, ya iya "ranka ya daɗe", aka ba shi alƙalancin da kowa ke cewa nawa ne. Ni sanduƙin na tarar, ya riga ya ruɓe, har ƙarafan nan biyu da ƙusoshinsu suna fita da jan hannu kawai. Na ƙulle su a bakin riga na dawo Ƙarfi, inda ba mai tambayata hukuncin komai sai laya don kada tsuntsu ya ci gero. Na ajiye alƙalami na ɗauki gizago. Turmi dai ba ya tambayarka ɗan wane ne kai.

Da na gama jikin sanduƙin, na sassaƙe katakon farko ya yi sumul, na kira Tanko ya zo da masabarsa. Ya juya ƙusar a tafin hannu, ya ce, "Malam, mutanen nan ba su da aikin yi. Har ƙusa suke yi wa kitso?"

Na ce, "Ba kitso ba ne, jahili. Don ta kama itace ne in ta shiga, kamar kunnen kibiya."

Ya ce, "Ni dai na sani, ƙusa ƙusa ce. Ko daga Makka ta zo, duka take so."

Ni kuma na kawo masa ƙiyasi irin na masu karatu, na ce duk abin da ke da kai a sama da tsini a ƙasa ƙusa ne, hukuncin ƙusa kuwa guduma. Uwarka tana kaɗi a bayan danga, tana jinmu, ta ce, "Malami da maƙeri baki ya zo ɗaya. Allah Ya jiƙan itace."

Tanko ya buga, ta ƙi. Ya tofa yawu a hannu ya ƙara. Sai na ji wata ƙara siririya kamar an yage sabon zane, tsaga ta bi katakon daga wannan kai har wancan. Tanko ya duba ya ce, "Itacenka ne bai yi karatu ba." Ba mu daddara ba, muka koma kan ɓarin da ya rage, muka yi ta lanƙwasa ƙusoshin malam ɗaya bayan ɗaya, har ya ɗauki masabarsa ya tafi yana tsine wa Larabawa.

Guda ce ta shiga rabi ba ta lanƙwashe ba. Na kama ta da awartaki na ja, ta ƙi fita. Cikin haushi na cusa bakin wuƙa a tsagar kanta na murɗe, don in karya ta in huta. Sai ta taso. A hankali, ba ƙara, kamar wanda aka kira da sunansa. Na murɗa zuwa dama, ta koma ciki. Na zauna a ƙasa kusa da gawar katakona ina shigarwa ina fitarwa har aka kira la'asar.

Don haka, Auta, abin da ba ka sani ba kada ka yanke masa hukuncin abin da ka sani don kawai sun yi kama. Tsagar nan tana kanta tun farko, wanda ya ƙera ta ya bar alamar yadda take so a bi da ita, ni ne ban duba ba, ina can ina kawo hujja. Kano cike take da kaya da mutane masu kama da na gida. Ka juya su a hannu tukuna. Kuma idan mutum biyu da ba su taɓa ganin abu ba suka yarda a kansa, yardarsu ba ta zama sani ba.

Katako na biyu a kasuwar Kano na fara kashe shi, tun ban taɓa shi ba. Na bi ayarin auduga na je, ban ɗauki ƙarfen ba, ban ɗauki guntun itace ba. Na ce ni da na haddace littattafai, kaurin ƙusa ne zai gagare ni riƙewa a ka? Na yi ta tambaya har aka nuna mini wata rumfa mai duhu a layin masu tsofaffin kaya, inda ake sayar da makullan da ba su da ƙofa da duwatsun bindiga. Dillalin ya dubi rawanina, ya dubi kantar hannuna, ya yi murmushi.

Ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, daga wace fada?"

Na ce, "Daga Ƙarfi."

Ya ce, "Ai na ga alama. Manyan malamai duk a can suke ɓuya."

Na san ba'a yake yi, amma ta yi mini daɗi, don na daɗe ban ji ko ta ba'a ba. Ya zazzage ƙoƙo a kan tabarma, ƙusoshi masu murɗi suka watsu, baƙaƙe da na tagulla. Ya ɗauki wata ya goga a riga ya ce daga sanduƙin wani basarauken Tarabulus ta fito, wanda ke ajiye turare. Na ce zan fita da su rana in duba. Ya ce, "Haba Malam, mai idon da ke karanta rubutun Gabas ba wasali, shi ne zai nemi rana don ƙusa?" Na kwashe duka ban zaɓa ba.

A hanya na jefa ƙullin a mangala kusa da kanwar da uwarka ta aike ni, ruwa kuma ya dake mu kafin Malumfashi. Da na kwance a gida, baƙaƙen sun yi jajawur da tsatsa, murɗinsu yana marmashewa a yatsa. Wasu ma ba na itace ba ne, na bindiga ne, baki a daƙile, murɗi ƙanana a matse, ƙarfe suke kamawa. Wasu sun fi hudar fiffiken kauri. 'Yan kaɗan na tagulla suka rage, kyawawa kamar 'yan kunne. Na ɗauki ɗaya, ban huda mata hanya mai zurfi ba, ban shafa mata komai ba, na dinga murɗawa. Maɗaci ya yi gardama, ni ma na yi. Tagulla kuwa ba ta da ƙashi. Sai ga kanta a tafin hannuna, gangar jikin tana cikin itace. Na shiga tono da wuƙa, na dawo da gizago, kafin in farga tsaga ta tashi daga ramin ta tafi abinta.

To ga abin da za ka yi. Kada ka saya a cikin rumfa, ka fito da su rana, duk abin da mai kaya zai ce da idonka. Idan ya fara yabon gidanku, ka riƙe bakin jakarka. Kowace ƙusa ka fara zura ta a hudar fiffiken, ta wuce ba takura, kanta ya zauna daidai bai yi tudu ba. Sa'an nan ka murɗa ta a hudar guntun maɗacin nan, kaurinsa ɗaya da murfin. Wadda ta leƙo ta baya ta yi tsawo. Wadda ba ta wuce rabi sosai ba, ranar da aka ɗaga murfi da ƙarfi za ta tsige. Wadda ke rawa a ciki ka mayar masa. Ka bi murɗin da farce daga baki zuwa wuya, inda farcenka ya zame ba tudu, ta cinye, wani ya riga ya more ta. Ka mirgina ta a kan dutse mai sulɓi, in tana ɗingishi a lanƙwashe take. Ka duba tsagar kai, ta zama mai zurfi, gefenta bai zube ba, don ƙusar da tsagarta ta shafe ba ta shiga ba ta fita, sai ta zauna maka kamar baƙon da ya ƙi tafiya. Mai tsini a baki ka ɗauka, ka bar masu daƙilallen baki ga 'yan bindiga.

Na tagulla nake so, don ba ta tsatsa, ba ta kuma baƙanta itace. Kada ka ji tsoron karyewarta, na yi maganin wannan, zan faɗa maka. Ka ƙirga hudojin fiffiken da ke hannunka ka ninka, ka ƙara 'yan kaɗan don tsautsayi. Ka naɗe su a tsumma mai man kaɗanya, ka sa a aljihun da ke jikinka, nesa da kanwa da gishiri. Ka nemo mini ɗan kakin zuma kuma.

Guntun nan da kake gwaji da shi, daga katakon farko na yanko. Ranar da ya tsage uwarka ta ce, "Tunda kun kashe shi, a ba ni gawar mana, a yi mini kujerar kaɗi." Na ce itacen littattafai ne, ba na zaman mata ba, wata rana zan haɗa shi. Ban haɗa ba. Ta ci gaba da kaɗinta a kan tabarma, tana dafa gwiwa in za ta tashi, har Allah Ya karɓi abinSa. Abin da ya riga ya tsage, ka ba mai so tun yana kusa, Auta. Ajiyarsa ba ta mayar da shi.

Kwanakin nan idan na kishingiɗa bayan azahar a ƙarƙashin rumbu, tsakanin barci da farke, nakan ga sanduƙin a rufe. Kawunan tagulla a jere, rana a kansu, idanu a lumshe kamar na zauren malam. Nakan ga mazarin uwarka yana juyawa a iska ba hannu, zaren yana hawa yana nannaɗewa, sai ya zama wake a jikin dawa, sai ya zama hanyar da ke zagaye wani dutse tana hawa, ayari na binta, kai ne a ƙarshe da jakinka. Tsohon nan na bakin teku yana zaune a ƙofar gidanmu yana guga da zarto, Tanko na gefensa yana ce masa, "Buga mana!" shi kuwa ba ya jin Hausa. Sai kaza ta yi kuka in farka, in ga katakon yana nan jingine.

Idona na dama ya yi yana, na hagu ma ya fara. Harafi yanzu sai na kai shi bakin ƙofa. Don haka ban jira ka ba. Ƙusar malam guda ɗin nan, wadda ta koya mini murɗi, baƙin ƙarfe ce, ita na adana duk shekarun nan. Na gasa basilla na huda kowane rami a murfin da bakin sanduƙin, a hankali, ina hura toka ina dubawa. Sa'an nan na shafa wa ƙusar mai, na shigar da ita kowane rami na fitar, ta yanka hanya. Baƙin ƙarfe ya riga ya yi gardamar da maɗaci, tagulla bi kawai za ta yi. A rami na ƙarshe tsagarta ta zube, da kyar na fitar da ita. Ta gama aikinta. Katakon bai ce uffan ba.

Tanko ya ƙera mini ɗan ƙarfe mai faffaɗan baki na murɗawa, yana mita wai ya tsufa yana yi wa ƙusa bara. Yana rataye a gafakar da gara ta ɓata.

Idan ka dawo ka same ni, zan riƙe murfin kai ka murɗa, don hannunka ya fi nawa tsayuwa. Idan ka dawo ka tarar da zaure ba kowa, kada ka tsaya neman wanda ya sani, ba wanda ya sani. Ka shafa kaki a murɗin. Ka ɗora ta a bakin rami a tsaye. Ka murɗa zuwa dama, a hankali. In ta yi nauyi ka koma baya kaɗan ka sake. Da ka ji kanta ya zauna, ka tsaya, kada ka ce bari in ƙara ɗaya don tabbatarwa, a wannan ɗayar na rasa abubuwa da yawa. Idan Tanko ya zo da masaba, ka ba shi fura ya koma.

Sa'an nan ka sauke littattafan ka jera su ciki. Na san karatu bai kama ka ba, na kuma daina jin haushin wannan, ni da ya kama me na samu? Amma ka rufe su. Wataƙila ɗanka, ko ɗan ɗanka, ko wani baƙon da ruwa ya tsare a zauren nan zai ɗaga murfin ya ji ƙamshi, hankalinsa ya tafi inda nawa ya je.

Kano tana riƙe mutane, na sani. Da yawa sun tafi da auduga sun manta hanyar gida. Ba zan ce maka kada ka zauna ba. Sai dai ka tuna ƙarafan nan biyu ne, ɗaya yana ƙunshinka, ɗaya yana nan wurina, murfi kuwa ba ya tsayuwa da guda. Da na ga dama da na aika maka da tsinke mai tsawon ƙusar kawai. Ban yi ba.

Ka gai da madugunku. Ka yi salla a kan lokaci ko ayari na tafiya, kada ka sha ruwan kududdufi ba ka tace da bakin rawani ba. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya kai ka lafiya, Ya juyo da kai kafin gara ta sake ganin damina. Na yafe maka abin da na sani da wanda ban sani ba, kai ma ka yafe wa tsoho shirunsa.

Aminci ya tabbata a gare ka.

Mahaifinka,
Ilyasu, a Ƙarfi